Agogon da Aka Saita da Jijiyar Kailani

"Duk Zariya babu agogon da ya kai jijiyar hannuna gaskiya. Bugu sittin, minti guda, ko Bature ya zo ya ƙirga."

Haka Kailani yake cika baki a Tudun Wada, a shekarar hamsin da biyar, ko da shida, ka yi mini afuwa, shekarun sun fara cakuɗe mini. Asalinsa mai facin keke ne. Wani mataccen agogo ɗaya ya taɓa girgizawa ya tashi, daga ranar ya naɗa wa kansa sarautar Sarkin Lokaci.

To, Malam Mahmudu mai goro zai tafi aikin hajji. Jirgin ƙasa na safiyar Alhamis zai kai shi Kano ya hau na sama, ga agogon bangonsa yana wasa da minti. Maƙwabcinsa Cosmas, mai gyaran agogo na ainihi, ya ce, "Malam, kawo in daidaita maka da rediyo."

Kailani ya ce, "Rediyon da ke cin batir? Ni tuwo nake ci."

Malam ya ba Kailani aikin. Ran Litinin ya taho aikin, karen wani gida ya biyo shi tun daga Kwangila. Ya shigo yana haki, ya dafa jijiya, ya ce agogon nan malalaci ne, ya ɗaga ƙarfen lilonsa sama har agogon ya kamo bugun zuciyarsa. Agogo ya zabura. Atika, uwargidan Malam, ta sauke tuwon dare rana tana tsaka.

"Sarkin Lokaci, agogonka ko zomo?" in ji ta.

"Zumuɗin Makka ne, Inna. Gobe zan lallashe shi."

Ran Talata ya dawo, ya tarar da ragowar tuwon nan, ya share malmala huɗu, ya bi da fura, ya miƙe a zaure. Da ya farka, ido rabi a rufe, ya dafa jijiya, ya sassauto lilon ƙasa. Agogo ya koma tafiyar hawainiya.

Ran Alhamis Malam Mahmudu ya ga rana ta ɗaga. Kailani ya ce, "Ranar ce ta yi gaggawa, Malam. Sha kununka."

Suka isa tasha da rakiya da kaya niƙi-niƙi, sai mai shara kaɗai. Jirgi ya yi awa biyu da tashi.

Malam Mahmudu ya naɗe lemarsa, ya nufo Kailani a hankali. Kailani ya ja baya har bango, gumi yana tsiyaya. Cosmas ya kama wuyan hannun Kailani, ya duba agogon aljihu, ya ƙirga bugun jijiyar da ke ta tsere, ya girgiza kai, ya ce:

"Malam, ka yi haƙuri, ga mota can za ta Kano. Amma da yanzu ya saita maka agogon, da tun shekaranjiya kana Makka."