Ranar da Dutsen Iyaka Ya Zo Gayya

Yanzu babu mai mayar wa manyan baƙi da magana a garinmu. Yayana Tunau ya rasu bayan babbar Sallah. Tun daga nan in mota ta tsaya a gindin marke, kowa sai ya sunkuyar da kai yana "ranka ya daɗe," babu mai ɗora komai a kai. Ni karatuna a firamare ya tsaya, amma na ce bari in rubuta ko labarin kwalbatin nan ne, kada a binne shi tare da mai shi.

Garinmu, Marken Iyaka, a bakin iyaka yake. In lokacin haraji ne ko ƙuri'a, ƙasashen nan biyu duk sun san hanyarmu. In maganar hanya ce ko rijiya, na nan su ce ai mu 'yan tsallake ne, na tsallake su ce ai mu na can ne. Ga rafi ya raba mu da kasuwa da asibiti da maƙabarta. Da damina in ya kawo ruwa, sai dai ka tsaya kana kallon duniya daga nesa. A bakin rafin nan Hansai matar Tunau ta cika tana naƙuda, muna jiran ruwa ya janye.

Wata shekara wani jami'i ya zo ya tara mu, ya ce yanzu zamanin haɗin gwiwa ne: mu kawo yashi da duwatsu da ƙarfinmu, gwamnati za ta kawo nata kason. Maigari ya sa ranar gayya, ya aika wa hukumar nan, ya aika wa ta tsallake. Kowane gida ya ba da wake aka sayar, aka sayo siminti. Ranar aiki mata suka dama kunu, makaɗi ya saki ganga, garin kaf ya fito. Gwamnati kuwa, ko ƙurar motarta.

To mu muna da al'ada. Wanda aka kira gayya ya ƙi fitowa, ba a faɗa da shi. Ƙofar gidansa ake zuwa, abin da aka tarar a ɗauko a sa cikin aikin, ko azara ce ko turmi. Da magini ya ce yana neman dogon dutse mai ƙwari da zai tokare tsakiyar kwalbatin, sai Tunau ya ɗaura wa shanunsa amalanke ya tafi bai ce da kowa komai ba. Can sai ga shi da wani dogon turken siminti mai lamba a jiki. Duk mun gane shi. Dutsen iyaka ne, wanda ke tsaye a bayan gonar maigari tun zamanin kakanninmu, awaki na susa a jikinsa.

Maigari ya riƙe baki. "Tunau, so kake a ɗaure mu?"

"Baba Maigari, ka kira su ko ba ka kira su ba?"

"Na kira su."

"Sun zo?"

Magini ya gwada dutsen, ya ce kamar don wurin aka yi shi. Aka kwantar da shi, aka zuba kankare, lambarsa kawai ke leƙowa ta gefe. Daminar nan ta farko har mai ƙosai ta riƙa zuwa kasuwa ƙafarta a bushe.

Ashe akwai masu kewayen duba iyaka. Suka zo suka tarar da rami. Mutanen da muka yi shekaru muna aika wa suna cewa babu mai a mota, sai ga su mota biyu rana ɗaya: wani Yallaɓai mai tumbi daga ɓangarenmu, da wani dogo mai tabarau daga tsallake. Har da lebura biyu riƙe da manyan guduma. Aka tara mu a kan kwalbatin, sama kuwa ta haɗa hadari.

Yallaɓai ya ce, "Wane ne ya tumɓuke dutsen gwamnati?"

Tunau ya matso yana goge goro a baki. "Ga ni, ranka ya daɗe. Amma shanu ne suka ja."

"Tsoho, ka san abin da ka taɓa kuwa? Wannan dutsen shi ne ya raba ƙasa da ƙasa!"

"Ai shi ya sa na tausaya masa. Shekara da shekaru yana tsaye a rana, aikinsa ke nan rabawa. Yanzu ya samu aikin haɗawa."

Mutane suka fara murmushi a cikin riga. Yallaɓai ya daka tsawa. "Duk duwatsun da ke dajin nan ba ka ga na ɗauka ba sai na hukuma?"

"Ranka ya daɗe, tara ce. Mun kira gwamnati gayya ba ta zo ba. Na zagaye garin nan kaf ina neman abin gwamnati da zan ɗauko, makaranta babu, famfo babu, ko kwanon awo babu. Shi kaɗai na samu."

Dogon nan na tsallake ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Yallaɓai kuwa ya ce da leburori su fasa kwalbatin su ciro dutsen yanzu-yanzu. Nan dariya ta ɗauke. Wata tsohuwa ta fara salati. Ni kaina na dubi hadarin nan, na tuna Hansai.

Tunau ya je ya zauna daidai saitin dutsen, ya miƙe ƙafa.

"A fasa, Yallaɓai. Amma a gaban jama'a a faɗa mana: dutsen nan na wace ƙasa ne a cikinku? Mai dutse shi ne mai gari. Wanda ya fasa, gobe da safe muna ƙofar ofishinsa da matanmu da awakinmu, ya yi mana gada, ya haɗa da rijiyar da muke bin sa bashi."

Yallaɓai ya dubi dogo. "A gaskiya, lambar da ke jiki irin taku ce."

Dogo ya gyara tabarau. "A'a, mu namu masu fenti ne. Wannan naku ne."

Suka koma gefe suna ta jayayya, wannan da Turanci, wancan da Faransanci, har yayyafi ya fara. Daga ƙarshe suka ce za a kafa kwamiti. Leburori suka mayar da guduma mota. Har yau kwamitin bai zo ba, kwalbati na nan daram. Ta kansa muka bi da gawar Tunau zuwa maƙabarta, ana tsuga ruwa, babu wanda ya jiƙa gwiwa.

Amma kafin su tafi ran nan, Yallaɓai ya so ya fita kunyar jama'a, ya ce a samu dattijo ya rufe taro da addu'a. Maigari bai buɗe baki ba Tunau ya ɗaga hannu. Addu'ar ce nake roƙon ku taya ni da ita yau, Allah Ya kai ladan kabarinsa.

"Ya Allah, ga wani na gwamnati guda ɗaya ya zo gayya. Bai nemi kuɗin mai ba, bai yi jawabi ba, ya kwanta talakawa na bi ta kansa suna wucewa lafiya. Ya Allah Ka sa sauran su yi koyi da shi."

Garin kaf ya ɗauka: "Amin!"

Tunau ya shafa, ya waiwaya.

"Yallaɓai, ban ji naka amin ɗin ba."