Ranar da Na Faɗi Jarrabawar Ɗiyata

Gurbi ɗaya tak ya buɗe a aji na biyu na lise, wato makarantar sakandare, ta haziƙai a Maraɗi, ni kuwa na rantse na ɗiyata Hadiza ne, sai ta baro lisen garinmu ta koma can. Na zuba babbar riga na raka ta wajen tambayoyin baka.

Mushen, wato malamin da ke tambayar, ya dube ta ya ce, "Me ke sa ruwan tabki raguwa da rani?"

Tabki! Ni da na tsufa ina su a Madarumfa! Kafin ta buɗe baki na miƙe. "Masu lambu ne, mushe, su da injinansu!" Na shiga jero sunayensu, har da surukina. Hadiza na jan rigata, ina ture hannunta.

Mushe ya bari na gama sarai, sannan ya ce, "Baba, kai ka faɗi. Fita mu ji ta bakinta."

Ta taga na ji ta ce zafin rana ne. Aka ba ta gurbin.

Har yau in na bi ta lambu, sai surukin nan ya kashe inji ya ɗaga murya: "Ɗalibi! Bana ma ba su ɗauke ka ba?"