Ranar da Oga Ya Riƙe Tsintsiya

Wani ne yayansa ya buɗe shagon katifu da gadaje, ya ɗora shi a kai. Jarin na yayan ne, kujera mai juyawa ta ƙanen. Aikin da aka ba shi guda ɗaya tak: ya ɗauki manajan da zai riƙe shagon. To, a nan gizo ke saƙa.

Na farko ya ɗauke shi don ya yaba takalminsa. Na biyu don ya yi dariya da ya ba da labari. Na uku kuwa ya fi kowa kishin kayan shago, don babu katifar da bai gwada da barci ba, masu saye na tsaye a kansa.

Yayan ya gaji. Ya zo ya tsaya a bakin ofis, ko zama bai yi ba.

"Gobe da yamma zan dawo. In ka sake kwaso min tarkace, ka ajiye makulli a kan tebur ka kama gabanka."

Hankalin mutumin ya tashi. Ba shagon ne ya dame shi ba, kujerar ce. Ya zauna ya yi tunani, abin da bai saba ba, har kansa ya sara. Can sai hikima ta sauko masa. A gaban oga kowa waliyyi ne. Amma a gaban mai shara, kowa halinsa yake saki.

Da safe ya kira sakatariya da maigadi. Ya ari tsohuwar rigar maigadin ya zura, ya ɗauki tsintsiya.

"Yau ni mai shara ne. Ba ku san ni ba. Ko na ce ni ne oga, ku ƙaryata ni. Duk wanda ya tona ni kafin a tashi, a bakin aikinsa."

Maigadi ya ce, "Ko ka yi kuka, Oga?"

"Ko na yi birgima."

Sakatariya ta kalli maigadi, maigadi ya kalli sakatariya. Sun daɗe suna roƙon Allah ya nuna musu irin wannan ranar.

Masu neman aiki uku suka zo: wani mai kwat, wani mai tabarau, da wata mata mai babbar jaka. Aka zaunar da su a benci, aka ce Oga na hanya. Mutumin ya matso yana kaɗa tsintsiya, kunne a buɗe.

"Ai kun yi sa'a," in ji shi. "Oganmu haziƙi ne. Kallo ɗaya yake wa mutum ya karance shi."

Mai kwat ya kwashe da dariya. "Wane haziƙi? An ce takalminsa kawai za ka yaba. Ni tun jiya nake bita."

Mai tabarau ya ce, "Ni an ce min labarinsa ba daɗi, amma dole ka yi dariya. Kai malam, ƙura kake watsa min a wando. Je ka sayo mana ruwa."

Ya tafi ya sayo, zuciyarsa na tafasa. Ya ce a ransa, biyu sun faɗi, dabara na aiki.

Matar kuwa ba ta kula su ba. Shagon take bi da kallo. Wani tsoho ya shigo yana masifa, wai gadon da aka kai masa ƙafa uku ne da shi. Sakatariya ta ce Oga ba ya nan. Matar ta miƙe, ta ba tsohon haƙuri, ta leƙa sito ta samo ƙafa ta huɗu a bayan ƙofa. Tsohon ya fita yana sa albarka, har da ƙarin matashi biyu da ya saya.

Rana ta take, Oga shiru. Matar ta leƙa ofis, ta ga kujera babu kowa.

"Na gane," in ji ta. "Ai wannan ita ce jarrabawar. So ake a ga wa zai riƙe wurin in babu mai shi."

Ta shiga ta zauna. A kujerarsa. Har ta ɗan juya ta.

Mutumin ya yi taku ɗaya zai nufi ofis. Amma ya daure, don mai hikima ba ya gaggawa.

Ta kira mai kwat. Ya shiga ya ce, "Kai, wannan takalmi naki..." Ta ce ya fita. Ta kira mai tabarau, ta ce ya sayar mata da katifar da ke gabansa. Ya yi dariya har da buga cinya. Shi ma ya fita.

Sannan ta tambayi sakatariya, "Wancan mai sharar, tun yaushe yake aiki a nan?"

"Yau na fara ganinsa, Anti."

"Wa ya ɗauke shi?"

"Oga."

"Shi ya sa. Turo min shi."

Ya shiga ofishinsa, ya nufi kujerar baƙi. Ta ce ya tsaya tukuna, ya nuna mata yadda yake shara. Ya share daga ƙofa zuwa ƙarƙashin tebur, ya tara a nan, ya rufe da kwandon shara.

"Zauna. Ba ni labarin wani aiki guda da ka fara ka gama."

Ya duba silin, ko an rubuta a can.

"To, wanda ka fara ba ka gama ba?"

"Ai suna da yawa."

"Masha Allah, ga gaskiya. Me ka iya wanda wani bai iya ba?"

"Sanin halin mutane."

"Ni wane hali gare ni?"

Nan fa tura ta kai bango. Ya yar da tsintsiya, ya daki tebur.

"Ke! Tashi min daga kujera! Ni ne ogan nan!"

Matar ko gezau. Ta kira sakatariya. "Kin san wannan?"

Sakatariya ta dube shi sama da ƙasa, a natse, kamar mai zaɓen atamfa. "Wallahi Anti, Oganmu ya fi shi tsabta."

"Wasan ya ƙare!" in ji shi. "Na janye! Maigadi, faɗa mata!"

Maigadi ya shigo yana gyara hula. "Bawan Allah, ka rufa wa kanka asiri. Oga ya ce ko ka yi birgima."

"To ai ni ne na faɗa!"

"Ka ga? Har muryarsa kake kwaikwayo."

Maigadi ya kama shi a hannu, cikin ladabi, ya kai shi waje. Ya dawo ya ɗauko tsintsiyar ya miƙa masa, kada a ce an ci masa kaya.

Nan yayan ya same shi da yamma, zaune a kan dakali cikin rigar aro, ido jajir. Ya dube shi, bai tambaya ba, don akwai abin da gara kada ka sani. Ya wuce ciki. Ya tarar an jera katifu bisa girma, an goge gilashi, direban shagon da ke yini yana barci ya fita kai kaya sau biyu. Ya zauna da matar, suka yi magana mai tsawo. Sannan ya aika a shigo da ƙanensa.

"Na ɗauke ta," in ji yayan.

Mutumin ya gyara wuyan riga. "Ai duk shirina ne, Yaya. Irin wannan gwajin sai mu."

Yayan bai ko kalle shi ba. Ya ce wa matar, "Wannan ƙanena ne, shi ne shugaban wurin har zuwa yau da safe. Ke kika gwada shi. Faɗa min gaskiya, in karɓi makulli in bar masa tsintsiyar, ko kuwa?"

Mutumin ya kalli kujerar, ya kalli matar, ya yi kalar tausayi.

Matar ta rufe jakarta ta ce, "A'a Yallaɓai, a bar shi a shugabancin. Shara aiki ne, sai wanda ya iya."