Yaƙin Ƙarƙashin Rumbu, ko Yadda Nomau Tela Ya Fuskanci Wutsiya Biyar

Da sunan Wanda Ya halicci mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu, Ya kuma ba kowa abin korar ƙuda. Bayan haka, ku kasa kunne, ya ku ma'abota hankali da basira, ga tarihin sadauki ɗan sadaukai, Nomau ɗan Barmo, ɗan Jatau Mai Baka, ɗan Gagarau Kashe-Kura, ɗan Tunau wanda aka ruwaito cewa ya taɓa riƙe ɓauna a ƙaho har abokan tafiyarsa suka je gida suka ci tuwo suka dawo. Zuri'a ce ta mazajen dawa, masu nasaba da martaba, waɗanda tun kafin a kafa kasuwar Tungar Kuka ba a taɓa buɗe farautar shekara ba sai makaɗin mafarauta ya tsaya a ƙofar gidansu ya kira sunan gidan sau uku, mata na guɗa, karnuka na haushi.

Shi kuwa Nomau, magajin wannan daraja baki ɗaya, tela ne. Shekara talatin yana taka keke a rumfar ƙofar gida, kuma dabba mafi girma da ta taɓa halaka a hannunsa ita ce kyankyaso, shi ma maruwaita sun yi saɓani ko da gangan ne.

Farautar gidan tana hannun wansa Shekarau, har zazzaɓi ya ɗauke shi da damina, Allah Ya jiƙansa. Ya bar baka da kwari, ya bar karya guda mai suna Barsu, ja, mai tsagaggen kunne, wadda ba ta san girman kowa ba a duniyar nan sai na mamacin. Ita ce ta shiga ƙarƙashin rumbun dawa wata ranar Lahadi ta haifi 'yan kwikwiyo biyar, ba tare da ta shawarci kowa ba.

Kwana biyu da haihuwar sai ga Sarkin Dawa Kwasau, dattijon da mafarautan ƙauyuka bakwai ke durƙusa wa, ya tsaya a bakin rumfa. Nomau ya sauko daga kan keke ya tsuguna.

"Ɗan Barmo, an ce Barsu ta sauka."

"Ta sauka, ranka ya daɗe. Biyar."

"To, ka san al'ada. Karen farauta ba ya shiga dawa da wutsiya, don ƙaya na riƙe shi ta nan, dila ma ta nan yake kama shi. Ɗan farcen nan na gefen ƙafa, wanda ba ya taka ƙasa, shi ma a cire, sarƙaƙiya ke fizge shi. Kafin su buɗe ido ake yi, kuma namijin gidan ke yi da hannunsa, ba a aron hannu. Gidan da ya kasa ya fita daga cikin mafarauta, ganga ba ta ƙara kiran sunansa. Zan dawo Juma'a ta sama in gani."

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Nomau, da irin muryar da yake yi wa mutum alkawarin riga ranar jajiberen Salla.

Gaskiyar magana, tsoro ya kama shi, tsoro biyu ma. Yana tsoron Barsu. Yana kuma tsoron ranar da ganga za ta wuce ƙofar ubansa shiru, mutane su ce Shekarau bai cika shekara a ƙasa ba ƙanensa ya zubar da sunan gida. Wannan na biyun shi ya hana shi cin tuwo.

Sai aka shiga shirin yaƙi. Kwana bakwai cur Amirul Almakashi yana tattara rundunarsa, wadda bayan ƙidaya da tantancewa aka samu ta ƙunshi mutum biyu: shi kansa, da maiɗakinsa Tasalla, Uwar Mayaƙa, Ma'ajiyar Ƙanzo, wadda ta shelanta tun ranar farko cewa ita fa ba ruwanta, kuma duk tufar da yawun kare ya taɓa, mai ita zai wanke abarsa. Ya yi leƙen asiri ta kafar zana safe da yamma. Ya wasa almakashi sau uku, har ya fara cin kansa. Ya zana taswirar tsakar gida a ƙasa da tsinke, kaji suka bi ta kai suka watsa.

A rana ta tara da haihuwar, da hantsi, ya yi azama. Ya sa sulke, wato riguna uku na mutane waɗanda ba a zo karɓa ba, ɗaya kan ɗaya. Ya kifa ƙwarya a ka a matsayin kwalkwali, ya riƙe faifai a hagu a matsayin garkuwa, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya jefa alli a aljihu, ya zare babban almakashinsa wanda ya raba shadda dubu da 'yan'uwanta. Ya tsaya a tsakiyar gida, tsakanin turmi da murhu, ya ɗaga murya har tantabaru suka tashi.

"Sai ni Nomau na Barmo! Mai raba yadi da yadi! Na taka keke ƙasa ta amsa! Allurata ƙanwar mashi! Ina mazan suke?"

Ya durfafi rumbu, taku ɗaya, taku biyu, taku bakwai, ƙasa na girgiza, in ji shi, Allah Shi ne masani. Barsu ko tashi ba ta yi ba. Ta ɗaga leɓenta na sama kaɗan, ta nuna haƙori biyu, ta yi gurnani ƙasa-ƙasa.

Malaman tarihi sun kira abin da ya biyo baya ja da baya na hikima. Tazarar da ya ci da taku bakwai ya maido ta da taku biyu, yana kiran, "Tasalla, kawo ɗauki!" Kwalkwali ya faɗi ya gangara. Takalminsa na dama ya rage a fagen fama, ya faɗa hannun abokan gaba, kuma kafin azahar an cinye rabinsa.

Tasalla na bakin murhu tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Malam, in ka gama, ka maido mini faifaina."

Da rana ta karkata, Uwar Mayaƙa ta ga in ba ta sa hannu ba mutumin nan zai ƙarar mata da ƙore. Ta jiƙa ƙanzo da romo a kasko, ta je ta buɗe ɗakin marigayi Shekarau, wanda ba a buɗe ba tun sadakar arba'in, ta ajiye a ciki. Barsu na jin ƙarar ƙyauren nan ta miƙe zumbur. Ta bar 'ya'yanta ta ruga, ta wuce kaskon ko kallonsa ba ta yi ba, ta je tana shinshinar buzun da maigidanta ke zama a kai. Tasalla ta ja ƙyaure ta sa sakata. Nomau ya ga abin da idonsa, kuma zuciyarsa ta karye, don shi ma bai iya shiga ɗakin nan ba har yau. Amma yaƙi yaƙi ne.

Ya kwanta rub da ciki, da rigunan mutane uku, ya kutsa ƙarƙashin rumbu, cikin duhu da yanar gizo da kashin kaji, ya yi ta jan jiki har ya isa fadar abokan gaba, ya tarar da dakarunta biyar a dunƙule suna barci. Ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a ƙwarya, ba wanda ya yi turjiya. Ya fito da baya-baya, ya ɗaga ganima sama, ya yi kabbara. Wannan shi ne fatahin da ake kira Buɗe Rumbu.

Ya kai fursunoni kan teburin yanka a rumfa. Kai jama'a, abin tausayi! Kowane bai cika tafin hannu ba, ido a rufe, ciki da ɗumi, wutsiya kamar ƙaramin yatsa. Ya ɗauki na farko, baƙi mai farin wuya, ya shimfiɗa, ya zare tef ya auna. Inci biyu daidai. Ya ɗauki alli ya ja layi a gindin wutsiya, inda al'ada ta ce. Ya buɗe almakashi. Daga cikin gida Barsu ta gane abin da aka yi mata, ta fara kuka tana karce ƙyaure. Shi kuwa fursunan, da ya laluba ya samu ɗan yatsan jarumin, sai ya kama tsotso.

A nan ne shekara talatin ta sana'a ta taso wa Nomau. Tunda yake bai taɓa yanka a kan alli ba, babu telan kirki da ke yin haka, dole a bar rara. Ya matsar da almakashi inci guda. Sai ya tuna aikin yara ne, kuma kayan yara ana ƙara musu saboda girma. Ya matsar da rabin inci. Sai ya tuna wani yadin yakan tsuke in ya sha ruwa, ga shi bai san halin wannan ba. Ya ƙara matsarwa. Da ya duba, bakin almakashi na can ƙarshen wutsiya, inda babu komai sai gashi.

"Sai ni ɗan Barmo!" ya ce, ya runtse ido. Ƙyas!

Silin gashi kamar bakwai suka faɗo kan tebur. Haka ya bi sauran huɗun, kowane da awonsa da allinsa da rararsa, ba zalunci, ba son kai. Da ya zo kan farcen gefen ƙafa, ya ɗan datse tsinin kowane yadda ake yi wa jariri don kada ya yakushi fuskarsa. Ya tattara abin da aka samu duka ya ƙulle a ƙyalle.

Maƙiya sun ce tausayi ne ya kama shi. Mai wannan tarihi ma ya ce tausayi ne. Amma shi ya rantse ƙa'idar aiki ce, kuma har ga Allah ya yarda ya yi abin da aka sa shi.

Tasalla ta leƙo ta dubi ƙwarya. "Malam, ina jinin?"

"Ke, aikin gwani ne."

Ta dube shi, ta dubi wutsiyoyin, ta koma ciki ta zare sakata. Barsu ta fito kamar kibiya, ta ƙirga 'ya'yanta da hanci, ta lashe allin tas, ta kwashe su da baki ta mayar ƙarƙashin rumbu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Sarkin Dawa ya iso. Nomau ya tarbe shi da sabuwar riga da tsohon takalmi, ya kai shi bakin rumbu. Dattijon ya yi wa Barsu wata 'yar tsawa irin tasu, ta kwantar da kai. Ya sa hannu ya jawo baƙin nan mai farin wuya, ya ɗaga shi ta ƙeya. Ɗan kwikwiyon ya dube shi da idanu biyu tar, waɗanda suka buɗe jiya Alhamis. A bayansa kuwa wutsiya na reto, cikakkiya, lafiya lau.

Sarkin Dawa ya jawo na biyu. Ya jawo na uku. Bai nemi na huɗu ba.

"Ɗan Barmo, ina abin da ka yanke?"

Nomau ya kwance ƙyalle da ladabi ya miƙa da hannu biyu. Dattijon ya kawo shi kusa da ido, iska ta ɗan kaɗo, rabin ganimar ya tashi.

"Na bar musu rara ne, ranka ya daɗe. Yara ne, za su girma. In ya yi yawa ai ana iya ragewa."

"Wando aka ba ka?"

Nomau ya karɓi ƙyallensa ya naɗe.

"Sun buɗe ido. Ƙarfe ba ya ƙara taɓa su." Sarkin Dawa ya ajiye ɗan kwikwiyon a hankali kusa da uwarsa, ya karkaɗe hannu, ya dubi ɗakin marigayi. "Allah Ya jiƙan Shekarau," ya ce. Ya sa kai ya fita.

Bayan an gama girbi ranar buɗe farauta ta zo. Tun daga bakin kasuwa Nomau ke jin gangar Gajere makaɗi tana tahowa gida-gida, ana kiran sunayen mazan jiya, mata na guɗa. Yana kan keke yana haɗa hannun wata riga, ya ce wa kansa ba zai ɗaga kai ba. Ganga ta matso. Ƙafarsa ta tsaya da kanta. Ganga ta zo daidai rumfa ta yi shiru, ga Gajere tsaye a gabansa, ga mafarauta a baya da gundulallun karnukansu. Nomau ya miƙe tsaye, ya gyara hula.

"Salamu alaikum, Malam Nomau," in ji Gajere. "Don Allah taimaka, maratayin gangar ne ya tsinke."

Nomau ya karɓa. Ya zauna ya ɗinke shi da zare ninki biyu, ya bi ya sake bi, ya ja ya ga ya yi ƙarfi, ya miƙa masa. Gajere ya yi godiya ya rataya. Ya wuce ƙofar gidan Barmo taku goma cif, sannan ya ɗora makaɗi a kan fata, ya kira sunan gidan gaba.

Hawaye suka zubo wa sadaukin, bai ɓoye ba, har ya daɗe yana neman kafar allura bai gani ba. A ƙarƙashin tebur kuwa karnuka biyar na kwance a kan ƙafafunsa, sun ji kiɗa, suna ta kaɗa wutsiya suna watsa masa ƙyallaye.

Iyakar abin da ya inganta ke nan daga wannan yaƙi. Rigunan nan uku, masu su sun zo sun karɓa, kuma ba a gaya musu komai ba.