Rasuwar Daɓen Katakon Malam Haladu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Haladu malamin daji na nan Kazaure yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na Babura da Roni da Gwiwa, rasuwar Daɓen Katakon turakarsa, wanda ya cika ranar Talatar nan da hantsi, a ƙarƙashin surukin Malam. Damina biyu ya yi a duniya.

Asalin marigayin daga Kano ne. A shekarar 1951 Malam ya shiga ofishin wani Bature, ya ji takalmi yana ƙwas-ƙwas a kan katako, tun daga ranar ƙasa ta fita daga ransa. Kafinta Sama'ilu ya ba shi shawara biyu: a sa maɗaci, don gara ba ta son ɗacinsa, a kuma ɗora shi bisa duwatsu iska ta riƙa ratsawa. Malam, wanda ya san sunan kowace bishiya daga nan har Kanya Babba, ya ce maɗaci ja ne kamar ƙasa, wa zai gane katako ne? Fari yake so. Ɗagawa kuwa sai rawaninsa ya riƙa gogar azara. Haka aka shimfiɗa marigayin a ƙasa kamar tabarma.

Marigayin mai fara'a ne. Bai taɓa barin baƙo ya shigo bai gaishe shi da "ƙiiƙ" ba, ko da akuya ce. Bai tayar da ƙura ba, bai ba kunama masauki ba. Daga Yankwashi ake zuwa kallonsa. Baƙo ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa don ladabi, Malam ya roƙe shi ya mayar, don ya ji ƙwas-ƙwas ɗin da kunnensa.

Mutum ɗaya ne ya ƙi shi tun bai gan shi ba: Malam Falalu na Roni, mahaifin Kaltume matar Malam. Ya aiko cewa shi mai gida ya ba 'yarsa, ba mai kwana a kan gadar katako ba, kuma tun kaka da kakanni itace a sama yake, ƙasa a ƙasa. Suruki ba a mayar masa da magana, don haka Malam ya haɗiye. Amma ya rantse a gaban jama'a cewa ran da Baba ya taka ɗakin nan, da bakinsa zai janye. Aike ya bi aike, har tsohon ya yarda zai zo ranar Talata.

Ciwon ajali ya fara ne daga kulawa. Kaltume, yadda uwarta ta koya mata, ba ta share ɗaki sai ta yayyafa ruwa, kuma ko safiya ɗaya ba ta taɓa fashi ba. Marigayin ya yi ta sha bai yi ƙorafi ba. A damina ta biyu cikinsa ya kumbura a tsakar ɗaki, ƙusoshi suka leƙo, muryarsa ta dishe daga ƙwas-ƙwas ta koma "ɓuf".

Saura mako guda Baba ya zo, aka tura Malam rangadi Gwiwa. Yana hawa keke ya bar wa Kaltume sallahu ta gyara daɓen. Daɓe ya ce, daɓe ta ji. Ta kira Gwaggo Saude, wadda ba a daɓe a unguwar sai da ita. Gwaggo ta zagaya kumburin, ta taka shi, ta ce daɓen da ya tashi magani ɗaya gare shi, makuba da duka. Aka jiƙa ɓawon ɗorawa randa biyu aka kwarara masa. Mata goma sha biyu suka durƙusa da madaɓai, da waƙa da guɗa, tun safe har la'asar. Maƙwabta sun shaida marigayin ya yi ta "ƙam, ƙam, ƙam", aka ɗauka amshi yake yi. Kumburi dai ya kwanta. Farin kuwa ya koma launin tukunyar da ta ga wuta.

Malam ya dawo da safiyar Talata, ya leƙa ɗaki, ya dafa bango. Ba lokacin magana, ga jakin Baba a ƙofar gida. Malam Falalu, mutum ne da Allah ya ba jiki, ya yi sallama ya shiga, Malam yana tsugune a bakin ƙofa kai sunkuye. Taku na farko marigayin ya ce "ƙiiƙ". Na biyu ya ce "ƙaaƙ". Na uku ya ce "rugum", kalmarsa ta ƙarshe ke nan. Ashe gara ta cinye shi ta ciki, gafiya kuma ta haƙa gida a ƙarƙashinsa. Baba ya nutse har gwiwa. Malam ya zabura zai cece shi, amma don kunya fuskarsa na kallon bango, sai ya cafko rawani ya yi ta ja, ya warware shi tas, tsohon yana nan a rami. Da ƙyar aka fito da shi. Ya fita tsakar gida, ya zauna a ƙasa, ya daddafa ta sau biyu yadda ake dafa kafaɗar tsohon aboki.

Marigayin ya bar ƙusoshi cike da ƙwarya, da gwangwanin man gogewa da ba a kai rabinsa ba, da takalmi sau-ciki wanda ba shi da sauran wurin yin ƙwas-ƙwas, da gafiya da 'ya'yanta shida, da garar da duk ta yi ƙiba.

Ba za a yi masa wanka ba, don ruwa ne ajalinsa. Za a ɗauke shi ranar Alhamis da safe zuwa murhu, inda zai dafa tuwon matan gayya, waɗanda Gwaggo Saude za ta jagoranta su yi wa ɗakin daɓen ƙasa. Tsakuwar ma ta iso, jaki uku, gudummawar Malam Falalu daga Roni. Zaman makoki a zaure ne. Ana roƙon masu ta'aziyya su tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ba wanda zai ce su mayar. Kafinta Sama'ilu kuwa, in ya zo, ya yi gaisuwa ya tashi, kada a ji kalmar maɗaci a bakinsa.