Attaruhu Ya Fashe a Taliyar Anti Verlyn

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Kayan Yaji na Anti Verlyn,
Kingston.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri gare ka, da iyalinka, da ma'aikatanka, ina kuma miƙa gaisuwa ta musamman ga baiwar Allahn nan mai ɗankwali da ke murmushi a jikin kwalbarku. Na daɗe ban san abin da ya ba ta dariya ba, amma yanzu na fara zargin ni ne.

Sunana Vernal Brissett, tsohon magini daga St. Elizabeth. Na yi ƙuruciyata da tsufana ina kwaɓa siminti ina ɗora bulo, kuma babu ginin da na yi wanda guguwa ta taɓa kayarwa, ban da banɗakin fastonmu, shi ma shi ya hana a zurfafa harsashi. Na faɗi haka ne don ka san ba sakarai ne ya rubuto maka ba, domin nan gaba kaɗan za ka fara shakka.

Matata Icilda ta rasu bara. Tana kwance a bayan gida ƙarƙashin mangwaro, kusa da mahaifiyata. 'Yarmu tilo, Shernette, tana aikin jinya a Toronto, kuma tun bayan jana'iza ta sa ni gaba a waya cewa in tattara in koma wurinta. Wai an gaya mata na rame, wai ba na cin komai sai burodi da kifin gwangwani. Na san mai kai rahoton. Miss Dorrit ce, maƙwabciyata, wadda ni na gina katangar da ke tsakaninmu, kuma da na san haka za ta zama da na ƙara mata tsawo. Ni dai ba na son tafiya. Ba na so in bar Icilda ciyawa ta rufe ta, in je in zauna a saman bene ina kallon ƙanƙara ta taga har rai ya yi halinsa.

Watan jiya Shernette ta zo hutu da takardu a jaka. Ta ce, "Baba, ba jayayya na zo yi ba. Ran Lahadi ka dafa mini abinci da hannunka, ban da sa hannun Miss Dorrit. In na ci na ƙoshi, ka zauna a gidanka. In abin ya gagara, ka sa hannu a nan mu tafi." Na yi dariya na ce wannan ai wasan yara ne. Washegari na shiga garin Santa Cruz cefane. Shinkafa da wake ta Lahadi ban yi gangancin taɓa ta ba, don cokali ɗaya yarinyar za ta kai baki ta tuna ta uwarta, in faɗi warwas. Ina cikin zagaye a kanti sai na ga kwalbarku da rubutu ɓaro-ɓaro, wai taliya mai madara da yaji cikin minti ashirin, ko yaro zai iya. Daga nan ƙorafina ya faro, kuma zan jero shi cikin ladabi.

Na ɗaya. Yallaɓai, wane ne ya ƙirga minti ashirin ɗin nan, kuma da hannun wa? Kun ce a yanka tattasai ja da kore da ɗorawa siri-siri. Ba ku faɗi kaurin sirin ba. Mutumin da ya saba da awo ba ya yanka abu da ka, don haka na ɗauko ma'aunina na jera su tsawo ɗaya, kauri ɗaya, wanda ya karkace na ajiye shi gefe. Daga dawowata daga coci na fara, ban ɗago kai ba sai da inuwar mangwaro ta kai bakin ƙofar kicin. Ga albasa, ga lawashi, ga tafarnuwa, ga kaza tana jira a faranti tana kallona. Idan akwai yaron da ya iya wannan aiki a minti ashirin, ina roƙon ku turo mini shi in ba shi haƙuri.

Na biyu. Kun rubuta a tafasa taliya har ta yi daidai. Mene ne daidai? A wurin gini akwai abin da ake ɗorawa a kan bulo ya nuna maka gaskiya, ba a barin mutum da zuciyarsa. Da na rasa yadda zan yi sai na buga wa Wilburn, abokin wasana na domino, wanda ya taɓa aiki a otal a Negril. Sai daga baya na tuna gadi ya yi a can. Ya ce, "Vernal, kai ma dai da ƙauyanci. Ɗauko ɗaya ka jefa a bango. In ta manne ta dahu." Na jefa ta zame. Na ƙara minti kaɗan na sake jefawa, ta sake zamewa. Abin da Wilburn bai sani ba, bangon kicin ɗin nan ni na shafe shi da hannuna, ko ƙadangare ba ya iya hawansa. Kafin in gane haka taliyar ta zama kunu. Na zuba wa kare, ya shinshina ya dube ni ya koma inuwa. Sai da na buɗe leda ta biyu.

Na uku. Kun ce a zuba madarar kwakwa ta gwangwani. Icilda ba ta taɓa barin gwangwanin kwakwa ya shigo mata kicin ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in ci amanarta a ranar da nake neman zama kusa da ita ba. Na fasa kwakwa na goge ta a magogi na matse. Wannan ƙorafin ƙarami ne. Ina so ku sani kawai cewa akwai fatar yatsuna a cikin abincin da ke ɗauke da sunan kamfaninku.

Na huɗu, kuma a nan ne nake roƙon ka gyara zama. Babu wanda aka haifa a tsibirin nan da bai san yadda ake yi da attaruhu ba. Ana jefa shi ɗungurungum a saman tukunya, ya ba da ƙamshinsa ya riƙe zafinsa, in an gama a tsame shi a hankali kamar ƙwai. Shekara da shekaru ina jin Icilda tana cewa, "Kada wanda ya taɓa mini tukunya, attaruhu na ciki." Cikin duk ilimin girki wannan kaɗai na mallaka, kuma na ga bai kamata in bar shi ya tafi a banza ba. Na san babu shi a umarninku. Na san yajinku ma da attaruhu kuka haɗa shi. Amma na ce bari in nuna wa yarinyar nan cewa ubanta ba da ido rufe ya zauna a gidan nan ba. Na je na tsinko daga shukar Icilda da ke bakin ƙofa, manya guda biyu, saboda girman baƙuwa, na kwantar da su a kan madarar tana ɓararraka. Ƙamshin da ya tashi, wallahi har na ji hawaye, domin irin ƙamshin da kicin ɗin yake yi a da ke nan.

Sai na duba layi na gaba a kwalbarku. Kun ce a juye taliya da kaza da cuku a ciki, a juya sosai.

Yallaɓai, kun san wa kuke ce wa ya juya sosai? Shinkafa ba a juya ta, shi ya sa attaruhun Icilda yake fita lafiya. Ni kuwa magini ne. In aka ce mini juya, daga ƙasa nake ɗebowa in kifa, in danna, in sake ɗebowa, har sai babu gudaji ko ɗaya. Na yi aikin da ko injiniya ba zai kushe ba. Da na gama na sa cokali in tsamo attaruhuna, na laluba gabas na laluba yamma, ban samu komai ba sai 'yan hancinsu guda biyu. Shin a duk kamfaninku babu mutum ɗaya da ya tashi a gidan da ake girki, da zai ce a ƙara layi guda, cewa wanda ya jefa attaruhu ya cire shi kafin ya juya? Ko kuna zaton akwai ɗan ƙasar nan da zai ga tukunya tana tafasa ya bar ta babu attaruhu?

Tururin ya haura katanga. Na ji Miss Dorrit tana tari, sai ga kanta ya leƙo. Ta ce, "Maas Vernal, girki kake ko korar aljanu? Kajina duk sun gudu ƙarƙashin gado." Na ce mata maganin sauro na kunna. Ta ce, "To Allah ya jiƙan sauron." A daidai lokacin na ji ƙarar ƙyauren gida, Shernette ta dawo daga gaida gwaggonta. Babu sauran taliya a gidan, babu sauran kwakwa, babu sauran dabara.

Na biyar. Me ya sa abin ya yi kyau a ido? Da ya ƙone, ko ya yi baƙi, da na fito na amsa laifina tun a bakin ƙofa. Amma madarar ta lulluɓe komai, tattasaina ja da kore da ɗorawa suna sheƙi, sak hoton da ke jikin kwalbarku. Shernette ta tsaya tana kallon teburin ta ce, "Baba, kai ka yi wannan?" Girman kai ya hana ni gaya mata gaskiya. Na ja mata kujera, ta yi addu'a, ta ɗauki cokali.

Ka tuna yarinyar nan ta daɗe a ƙasar da masoro ma sai an yi shawara kafin a barbaɗa. Ta kai loma ta farko, ta daina taunawa, ta zuba wa bango ido. Ni ma na ɗanɗana. Kunnuwana suka toshe, haƙorana na roba suka nemi fita, na ji zufa tana bin bayana har cikin takalmi. Da na ɗago na ga hancinta yana zuba, idanunta sun kaɗa jawur, amma ta sake cika cokali.

Na ce, "Shernette, ajiye. Na san abin da na yi. Kawo takardun in sa hannu."

Ta ce, "Baba, ka yi mini shiru, abinci nake ci."

Muryarta ta dushe kamar ta mai mura. Ta cinye farantin tas, tana ci tana share fuska da gefen riga. Sannan ta turo mini shi ta ce in ƙara mata. Na ce ba zan kashe 'yata da hannuna ba. Ta tashi ta zuba da kanta. Ina zaune ina kallonta har ta ga bayan na biyun, ko ruwa ba ta nema ba, don ta san in ta nema zan ce ta kasa. Daga nan ta fita bayan gida ta tsaya wurin uwarta. Na hango ta ta taga tana duban inda nake sharewa kowace safiya, da farar ƙasar da na shafa wa kabarin. Ta daɗe a can. Da ta shigo sai ta ɗauki takardun daga kan kabad ta mayar cikin jaka, ta ce, "Na ci, na ƙoshi. Ka zauna a gidanka, Baba." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa sanin yarinyar nan tana sona har haka ba. Kwana biyu tana shan maganin ciki a ɓoye, ni kuma ina yi kamar ban gani ba.

Na shida, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Shernette ta koma Toronto. Na ci nasara, gidana yana hannuna, babu mai tayar da ni. Na ma iya taliyar yanzu, ina dafa ta duk Lahadi, kuma duk lokacin da ta kira ina gaya mata komai lafiya, ina ci ina ƙoshi. Sai dai duk awon da kuka rubuta na mutum huɗu ne. Na raba shi biyu, ya zama na mutum biyu. Na yi ƙoƙarin sake rabawa, sai madarar ta ƙafe a gindin tukunya tun kafin kaza ta yi zafi, don tukwanen gidan nan babu wadda aka saya saboda mutum ɗaya. Kullum sai faranti guda ya ragu, in zauna ina kallonsa yana hucewa a ɗaya gefen teburin.

Saboda haka ina roƙonka, ranka ya daɗe, in za ku sake buga takardar kwalbar, ku samu ɗan wuri a ƙasa, ko da ƙananan haruffa ne, ku rubuta yadda mutum ɗaya zai dafa wa kansa. Na tabbata ba ni kaɗai ke nema ba. Ka kuma gafarta mini tsawon wasiƙar. Na bincika, jaridar da zan buga wasiƙar nan a cikinta ba ta kaiwa Toronto, shi ya sa na saki jiki na faɗi abin da ba na faɗa a waya.

Naka mai biyayya har kullum, mai durƙusawa gaban girmanka gwargwadon yadda gwiwa ta yarda,

Vernal Brissett,
Tsohon magini,
St. Elizabeth.