Safar Hannun Injiniya Ashafa

Duk faɗin Batsari babu wanda ya san cikin mota kamar Injiniya Ashafa, kuma wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa muka ji. Sauran makanikai su dangwali baƙin mai su shafa a wando. Shi kuwa farar riga yake sawa irin ta likitoci, da farar safar hannu, ya rataya wata 'yar na'ura a wuya wadda ya ce tana jin yaren motoci. Tun da ya yi ɗan zama a Kaduna ya manta cewa a ƙauyen Wagini aka binne cibiyarsa. 'Yan gareji suna ce masa Likitan Maƙoshi, don kowace mota aka kawo masa, ko taya ce ta sace, cutar ɗaya ce.

"Totur bodi ne," yakan ce, yatsa a sama. "Shi ne maƙogwaron inji, ta nan iska ke shiga. Akwai ɗan faifai a ciki. Ka taka totur ya buɗe, ka saki ya rufe. Wanda bai je Kaduna ba ba zai gane ba."

Sai ga shi ranar nan tsohuwar motar Malam Almustapha ta kama mutuwa duk lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur. Kuma babu mai ɗaga ƙafa kamar Malam. Ba ya wuce dattijo a hanya sai ya tsaya ya tambayi gida, da gona, da shanu, da ƙafar nan mai ciwo. Jakuna sun sha wuce shi. Injiniya ya leƙa injin, kuma karon farko a tarihi, totur bodi ne da gaske.

Ya ce ba zai karɓi komai ba. Mutane suka ce kirki ne. Kirkin nan yana da suna, Mahfuza, 'yar Malam, malamar Islamiyya. Malam ya riga ya faɗa masa cewa aurenta yana hannun yayansa da ke Safana, kuma da motar ta tashi za su je a ga ɗan neman aure.

Don haka ba a gareji aka yi aikin ba. A ƙofar gidan Malam aka yi shi, daidai inda mai leƙowa daga zaure za ta gani. Injiniya ya kwance robar da ke kai wa totur bodi iska, ya fesa maganin wanki, ya goge baƙin dattin da ya daskare a faifan da burushin haƙori. Injiniya ba ya riƙe tsumma, tsumma na ƙananan makanikai ne. Sai ya zare safarsa ta dama ya cusa a bakin robar, wai kada ƙasar ƙauye ta shiga.

"Ku duba ku gani," ya ce wa 'yan kallo. "Mota kamar mutum ce, majina ta tare mata wuya. Ni ba gyara nake yi ba, tiyata nake yi."

Labulen zaure ya motsa. Injiniya ya mayar da robar ya ɗaure, idonsa na kan labule.

Suka kama hanyar Safana, Injiniya a gaba ya harɗe ƙafa. Da suka fita gari Malam ya ɗan taka, iska ta zuƙe safar ta maƙale a bakin faifan, ya ƙi rufewa. Motar ta yi wani gurnani ta zabura.

"Injiniya, na ɗaga ƙafa fa!"

"Allah gafarta Malam, lafiya ce ta dawo mata. Murna take yi."

"In kashe ta?"

"Kul! Kwamfutarta za ta rikice."

Ga dattawa zaune a gindin bishiyar bedi, sun hango motar Malam har sun gyara zama don gaisuwa. Fiuu! Malam ya leƙo ta taga ya ce "Ina kwa…" sauran ya bi iska. Dattawan suka dubi juna. Malam Almustapha da gudu, ba sallama? Abu ɗaya ne zai sa haka a ƙasar nan. Wani ya ce 'yan bindiga ne, kowa ya kama gabansa. Mai ƙosai ta bar kasko a wuta. Wani tsoho da ya daɗe yana dogara sanda ya tsallake danga ya bar sandar. Ƙauye na gaba ya ga na baya a guje, bai tsaya tambaya ba.

Yashin wani rafi ne ya kama motar kusa da Safana, ta nutse ta mutu. Jama'a suka taru suna haki, aka gane babu kowa a baya. Injiniya ya fito ya karkaɗe farar riga, ya buɗe gaban mota.

"Na san za a yi haka," ya ce da ƙarfi. "Wani bagidajen makanike ya taɓa barin tsumma a ciki. Irin waɗannan ɗaure su ya kamata a yi."

Ya zura yatsu ya jawo abin, ya ɗaga sama kowa ya gani. Yatsu biyar ne da shi. 'Yar'uwarsa tana hannun hagun Injiniya, fara tas.

Malam ya daɗe yana kallon hannuwan biyu.

"Ɗana," ya ce a hankali, "yau na wuce mutanen da ban taɓa wucewa ba. Za mu koma da ƙafa, gida-gida, in gaishe su, kai kuma ka yi musu bayanin tiyata. In mun gama, sai mu je wurin Yaya."

Duk wanda ya san gaisuwar Malam ya san abin da aka yanke. An ce har yanzu suna ƙauyen farko, ana tambayar lafiyar shanu.